Kure, mazaunin raƙuman dawa, a shekarar da korona ta tsare baƙi



Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa za shi Yamai, ya bi ta Kure ko da bai sani ba. In an wuce Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, an gangara Birnin Gaure, sai a hau tudu. Kure na bisa tudun nan, saura kilomita 60 a shiga Yamai. Bakin kwalta akwai allunan da anka zana wata dabba mai dogon wuya, don direbobi su rage gudu. Da yawa cikinmu lokacin nan gajiya ta kama mu, muna gyangyaɗi. Alhali kuwa shekara da shekaru mutane sun yi ta biyan kuɗin jirgi daga Turai don su zo su ga abin da muke wucewa muna barci.

Labarin wurin nan nike so in ba ku wanga wata, da abin da ya same shi cikin 2020, shekarar cutar korona. Cikinshi akwai abin da ya shafi kowane gari namu da ke da sauran daji, ko tabki, ko wata dabba da ta rage.

Ƙasar da dabbarta

Kure ƙasar Zabarmawa ce, cikin gundumar Kollo, jihar Tillaberi. Fulani makiyaya na zaune tare da su. Wasu na zaton gandu ne mai shinge da ƙofa. Babu shinge. Gonakin hatsi ne da wake, da garuruwa da rijiyoyi da shanu, raƙuman dawa na yawo tsakaninsu. Na sauka can sau biyu kafin korona. Na ga mace tana daka ƙofar gidanta, raƙumin dawa na cin ganye bai fi taki 50 da ita ba, ko kai ba ta ɗaga ba.

Zabarmawa na ce mashi bure. Babban namiji na kai mita 5 da wani abu, wato tsawon mutum uku in an ɗora wani bisa wani. Nauyinshi na wuce tan guda. Harshenshi ya kai kamu guda, da shi shike kewaye ƙaya shi tsinko ganye. Duk tsawon wuyan nan, ƙashi 7 ne cikinshi, daidai da na ɗan Adam. Macen na ɗaukar ciki wata 15, tana haihuwa a tsaye, ɗan shi faɗo ƙasa da tsawon babban mutum. Na Kure sun fi na sauran ƙasashe haske. Masana sun tabbatar iri ne dabam, kuma babu shi ko'ina cikin duniya in ba Nijar ba.

Suna da wurin damana, suna da wurin rani, kamar makiyaya. Da damana suna bisa tudun Kure da Fandu. Dajin wurin layi-layi ne: layin itace, layin fako, layin itace. Ruwan sama na gudu bisa fako shi taru gindin itatuwa, shi ya sa suke rayuwa bisa tudu mai tsakuwa. Nan suke cin taramniya da sarƙaƙiya da anza. In rani ya yi sai su gangara Dallol Boso, wajen Harikanasu. Wani tsohon kwari ne inda ruwa ke kusa, gawo kuma ke da yawa. Kun san halin gawo, shina zubar da ganye da damana, shi yi kore shar da rani. To shi ne rumbun raƙumin dawa.

Daga 49 zuwa sama da 600

Shekara 100 da sunka wuce, irin wagga dabba na nan tun daga Senegal har Tabkin Cadi. Farauta da bindiga ta rage su. Saran daji da faɗaɗa gonaki sunka ƙara. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, sunka kashe itatuwan da suke ci. Senegal ta rasa nata, Mali ta rasa, Najeriya ta rasa. Cikin 1996 anka ƙidaya, anka tarar 49 kaɗai sunka rage, dukansu cikin yankin Kure.

Gwamnati ta tashi tsaye. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta sa raƙumin dawa cikin dabbobin da babu mai izinin kashe su, wanda ya kashe kuma akwai ɗauri da tara. Amma doka kaɗai ba ta isa ba, don raƙumin dawa ɓarawon wake ne. Hatsi bai dame shi ba sosai. Wake da mangwaro kuwa ba shi ɗaga musu ƙafa. Ko harawar da manomi ya ɗora bisa itace don akuya kar ta kai, shi tsaye za ya cinye ta. Wanda anka cinye ma wake ba shi jin wa'azi.

Sai anka nemi dabarar da manomi za ya ga amfanin dabbar. Ƙungiyar ceton raƙuman dawan Nijar, da ake ce ma ASGN, tare da abokanta na waje, ta riƙa gina rijiyoyi, tana ba mata ƙananan bashi na sana'a, tana taimakon masu lambu, ana dashen itace. Samarin yankin sunka kafa ƙungiyar ƴan jagora. Baƙo shi tsaya bakin kwalta, shi biya kuɗin shiga da na jagora, a shiga daji da shi. Ɗan jagora shi duba sawu, shi hau itace shi hanga, har a iske garken.

Ga abin da ya fi ba ni sha'awa. Zanen jikin kowane raƙumin dawa dabam shike da na ɗan'uwanshi, kamar zanen yatsar da muke dangwalawa ga takarda. Don haka da damana, sa'ad da sunka taru bisa tudu, anka riƙa ɗaukar kowane hoto biyu, gefen dama da gefen hagu. A ba shi lamba. A rubuta namiji ne ko mace, da inda anka gan shi, da ranar. In ɗan jariri ne a rubuta uwarshi. Baɗi in an sake ganinshi, a duba littafi a gane shi, ba za a ƙidaya shi sau biyu ba. Da hoto da rubutu tare anka san cewa kafin 2018 sun wuce 600. Shekarar nan ƙungiyar duniya mai lura da dabbobin da ke shirin ƙarewa ta fid da su daga layin waɗanda ke bakin halaka, ta sa su cikin masu bukatar kulawa.

Kullen Yamai

Ran 19 ga Maris 2020 anka samu mutum na farko mai korona cikin Nijar. Anka rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, da iyakokin ƙasa. Makarantu sunka rufe. Anka hana taro, anka rufe masallatai da coci-coci. Ƙarshen watan anka sa dokar hana yawon dare cikin Yamai, daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, anka kuma killace birnin, ba shiga ba fita. Sai tsakiyar watan Mayu anka buɗe.

Kullen nan ya rutsa da ni Yamai. Na je ɗaukar littattafan karatu, kafin in samu wuri cikin mota an rufe hanya. Na sauka wurin yayana, mai gadin wani gida da wata ƙungiyar agaji ta kama ma ma'aikatanta haya. Cikin wata ɗaya da rabin nan na ga yadda baƙo ke zaman ƙasar wani lokacin annoba.

Su uku ne cikin gidan: Baturiya guda, da mutumin Kamaru, da mutumin Burkina. Abinci ba su rasa ba, albashinsu na zuwa, akwai lantarki. Amma hankalinsu ba kwance shike ba. Lokacin nan cutar na kashe mutane ɗari-ɗari kowace rana cikin Italiya da Faransa da Sifen. Ofisoshin jakadanci sun shirya jirage sun kwashe wasu mutanensu. Baturiyar ta zaɓi ta zauna ga aikinta, ga shi kuwa tana da tsohuwar uwa can gida. Duk sa'ad da salularta ta yi ƙara da dare, sai mu ga ta zabura.

Aikinsu shi ne aika sabulu, da bokitan wanke hannu masu famfo, da ƙyallayen rufe hanci da baki, zuwa wuraren ƴan gudun hijira. Kun san akwai su Difa da Tillaberi, akwai kuma dubban da sunka shigo wajen Gidan Rumji tun 2019, suna gudun ƴan bindigar Zamfara da Sakkwato. Baƙin na tsare cikin gida, suna lissafi bisa kwamfuta, suna waya. Masu kai kayan hannu da hannu ƴan ƙasa ne: direbobi, da ma'aikatan lafiya, da masu gari, da shugabannin mata. Na lura da abu guda. Garin da ke da mai iya rubuta sunayen magidanta da yawan iyalinsu, shi aiko, kayansu na tafiya da wuri. Garin da babu, sai an jira an samu mai zuwa shi rubuta musu.

Baturiyar na da babbar kyamara mai dogon baki. Ta sayo ta don raƙuman Kure da dorinar kogin Kwara. Da hanya ta rufe, sai ta juya ga tsakar gida. Ta ɗauki kurciya da hasbiya da shirwa, da ƙadangare mai jan kai, da jemagun da ke tashi da magariba daga manyan itatuwan unguwa. Takan nuna mini hoto ta ce: "Malam, mi sunan wagga da Hausa?" In ce: "Madam, wagga ita ce hasbiya." In rubuta mata cikin kayenta. Ƙarƙashin kowane suna kuma ita ta ƙara rana, da sa'a, da wuri, da yawan waɗanda ta gani. Na tambaye ta dalili. Ta ce hoton da babu rana da wuri gare shi kallo ne kawai, ba shi zama shaida. Da dare ta zauna ta rubuta labarin yinin, ta aika ma danginta don su san tana lafiya.

Da shamuwa ta iso, na gaya mata manomi in ya gan ta sai shi gyara kalme, damana ta kusa. Nan take ta rubuta, da ranar. Mu mun san shamuwa tun kaka da kakanni. Amma gari nawa ke da kayen da anka rubuta ranar isowarta da ranar ruwan shuka, shekara goma jere?

Zaman ƙasar wani kuma iri biyu ne, kar mu manta. Sa'ad da baƙin nan ke tsare cikin gida mai katanga, ƴan'uwanmu ƴan ci-rani na tsare cikin garuruwan kudu. Akara da Kumasi sun yi kullen sati 3 daga 30 ga Maris. Legas ta yi sati 5. Ga-ruwa, da mai shayi, da mai gyaran takalmi, da mai yankan farce, in bai fita ba bai ci ba. Kuɗin da sukan aiko na iri da taki ya tsaya gab da shuka. Iyakokinmu na ƙasa kuwa sai watan Yuni 2021 anka buɗe su. Baƙon Yamai ya rubuta nashi labari, danginshi sun karanta. Na ɗan ci-rani cikin baki ya tsaya, in bai rubuta ba kuwa jikokinshi ba za su ji ba.

Ranar 9 ga Agusta

Ran 1 ga Agusta 2020 jirage sunka koma sauka Yamai. Ƴan jagoran Kure, da sunka yi watanni baƙi sun yi ƙaranci, sunka fara sa rai. Damana ta yi, raƙuma sun hau tudu, lokacin kallo ke nan.

Ran Lahadi 9 ga wata, wasu ma'aikatan ƙungiyar agaji ACTED sunka fito daga Yamai cikin mota guda don su huta su ga dabbobin. Kafin azahar ƴan bindiga bisa babura sunka tare su cikin daji, kilomita kaɗan daga garin. Sunka kashe mutum 8, sunka ƙone motar. Shida Faransawa ne, mata 4 da maza 2, dukansu matasa. Biyu ƴan ƙasarmu ne: direban motar, da shugaban ƙungiyar ƴan jagoran Kure. Cikin watan Satumba ƙungiyar ƴan ta'adda ta Da'esh ta ce ita ta aikata.

Gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci cikin gundumar Kollo, ta rufe wurin ga masu yawon kallo. Faransa ta gargaɗi mutanenta kar su je ko'ina cikin Nijar in ba Yamai ba. Korona ta rage baƙi, bindiga ta ida korar sauran. Ƴan jagora sunka rasa abin yi, masu sai da ɗan abin tsaraba bakin hanya sunka rasa ciniki. Raƙuma kuwa ba su fasa cin wake ba.

Rasuwar tsohon ɗan jagora hasara ce babba. Wanda ya yi shekaru cikin dajin nan ya san wace uwa ta haifi wane, ya san inda garke ke kwana, ya san gonar da suka fi ɓarna. Abin da ke cikin kanshi ya tafi da shi. Abin da ke cikin littafi shi ya rage ma na baya.

Daga baya ma abubuwa sun sake. Bayan canjin mulki na 26 ga Yuli 2023 Turawa da yawa sunka bar ƙasa, cikin Nuwamba 2024 kuma hukumomi sunka janye ma ACTED izinin aiki. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wanda ya zo da alheri mun gode mashi, wanda ya rasa ranshi cikin ƙasarmu muna ma iyayenshi ta'aziyya. Amma ko cuta, ko bindiga, ko sha'anin mulki, kowane na iya tsare baƙo rana guda. Mai gona shi ke kwana shi tashi da raƙumin dawa.

Sun iso jihar Maraɗi

Kar wani shi ce wanga zancen Zabarmawa ne. Tun kafin korona masana sun ji tsoro, don dabbobin duka wuri guda suke. Cuta guda ko fari guda na iya share su. Don haka cikin Nuwamba 2018 anka kama ƙanana 8 daga yankin Kure. Anka tsare su ƴan makonni cikin shinge don su saba, sannan anka sa su cikin manyan motoci, wuyansu na leƙe sama, anka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su har Gadabeji, arewa da Dakwaro, wajen Bermo. Gandun nan tun 1955 anka kafa shi, hekta 76,000 ne. Da can akwai raƙuman dawa cikinshi, sunka ƙare kusan shekara 50 kafin dawowar waɗanga. Cikin 2022 anka ƙaro 4. Sun kuma fara haihuwa can.

Gadabeji na da nisa da babbar hanya. Maƙwabtan dabbobin Fulani ne da Buzaye makiyaya, da manoman da ke kudu da gandun. Su za su gan su bakin rijiya da mashekari. In sun tsare su, za su yaɗu. In sun kau da kai, abin da ya faru da na farko shi za ya faru da na biyu.

Abin da ya kamata mu yi

Na farko, mu bar gawo shi tsaya. Abin da ke cin dajin Kure shi ne saran itacen wuta da ake kai ma Yamai, da sabbin gonaki. Mu mutanen Maraɗi da Damagaram mun san maganin wanga. Tun wajen 1984 manomanmu sunka fara sassaben zamani, a bar kututture shi tofo, a rage rassa, a bar mai ƙarfi shi girma. Da haka miliyoyin itatuwa sunka dawo cikin gonaki. Gawon da ke ƙara ma hatsi albarka, shi ke ciyar da bisashe da rani, shi ne kuma abincin raƙumin dawa.

Na biyu, in dabbar daji ta yi ɓarna kar a ɗauki bindiga ko a kafa tarko. A gaya ma mai gari, a gaya ma ma'aikatan gandun daji. A je musu da rubutu: rana kaza, gonar wane, dami nawa. Kuka da baki ana mantawa, takarda kuwa tana nan.

Na uku, kowane ajin yaƙi da jahilci shi buɗe kayen gari. Kaye guda da bik guda sun isa. A raba shafi gida huɗu: rana, da abin da anka gani, da yawanshi, da wuri. Barewa ce, ko zabin daji, ko tuje, ko shamuwa, ko fara, a rubuta. Wanda ke da salula mai hoto shi ɗauka, shi sa rana. Ɗaliban da sunka yi kullen korona ƙasar wani su zo su rubuta abin da sunka gani, a karanta cikin aji. Aikin nan ba shi bukatar jirgi shi sauka, ba shi bukatar izinin kowa. Ga shi kuma ɗalibi na ƙara ƙwarewa ga rubutu da lissafi. Zanen aro ba shi rufe katara.

Wanga ba sabon abu ba ne ga ƙasarmu. Arewa da Agadas, kusa da hanyar Arlit, akwai wani dutse da ake ce ma Dabus. Bisanshi mutanen da can sun sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban ya wuce mita 5, da zanen jikinshi duka. Shekaru dubbai ke nan. Yau wurin hamada ne, amma saboda aikin hannunsu mun san da can akwai ruwa da itace da raƙuman dawa. Ba su da kyamara, ba su da kaye, da dutse sunka yi. Mu da muke da alli da allo da takarda, ba mu da uzuri.

Allah shi jiƙan ƴan'uwanmu da sunka rasu Kure, shi ba dukan iyalai haƙuri. Allah shi ba ƙasarmu zaman lafiya da damana mai albarka. Amin.

Daga wani malamin yaƙi da jahilci, jihar Maraɗi